Sati 41 naƙuda ba ta zo ba, an ce in je a tayar mini da ita

Maman Ƴan Uku, Ali Ɗan Sofo:

Assalamu alaikum matan zauren nan. Don Allah wadda ta san kan abin nan ta taimaka mini da bayani, kaina ya ɗaure.

Cikina na huɗu ke nan. Ukun farko duk da kansu suka zo, na biyun ma ina tsakar gida ina tankaɗe faya ta fashe, kafin a samo adaidaita har kai ya sauko. Wannan kuwa ya zauna daram. Ranar haihuwar da aka rubuta mini a karne, wato katin awo, ta wuce da sati guda. Ƙafa ta yi nauyi, ga zafin garin nan da ba ya barin mutum ya runtsa, dare ya yi in fito da tabarma waje in yi ta juyi. Mara takan ɗaure in ce to yau ce, can kuma sai ta saki.

Jiya Alhamis na je awo a likitar unguwarmu ta Ali Ɗan Sofo, nan Maradi. Sajfam, wato ungozomar likita, ta auna tansiyo, awon jini, ta ce 12/8, lafiya lau. Ta ɗora ƙahonta a cikina ta ce zuciyar yaro na bugawa yadda ake so. Sannan ta sa safar hannu ta duba ni, ta ce bakin mahaifa bai nuna ba, yana can baya da tauri, yatsa ɗaya ma da ƙyar. Ta rubuta takarda ta ce in je CSME, babbar likitar uwa da yaro, ranar Litinin da sassafe da kayana, za a shirya bakin mahaifa, in ta kama a sa mini ruwan naƙuda. Na buɗe baki zan tambaya ke nan ta kira mai bi mini. Ban ga laifinta ba, ita kaɗai ce a ɗakin, layi kuma har bakin ƙofa.

Da na dawo gida na faɗa wa Hajiya, uwar maigidana, sai ta ce ba inda za ni. Wai ɗa ba ya wuce ranarsa, ita sha ɗaya ta haifa a ɗaki a durƙushe ba wanda ya taɓa tayar mata da komai. Ta ce zaƙi ne ya tare hanya, tunda ta sha ganina da rake da shayi mai sukari, har ta jiƙa mini maganin zaƙi a ƙwarya. Maigida kuwa ya rasa bakin wa zai bi, in yana ɗakina ya ce mu je, in ya fito daga wurin Hajiya ya ce a ɗan ƙara haƙuri. Wata maƙwabciyata kuma ta ƙara tsinka mini zuciya, ta ce duk wadda aka sa wa ruwan naƙuda ƙarshenta wuƙa.

To mene ne wannan shirya bakin mahaifar? Shi ne ruwan naƙudar ko wani abu ne daban? Kuma in na ƙara sati guda a gida, tunda yaro na motsi ni ma ƙalau nake, me zai faru?

Uwargida daga Mokoyo:

Sannu da hwama ƴar uwa, Allah shi sauke ki lahiya. Ni dai an taɓa sa mini ruwan nan a haihuwar autana, kuma in hwaɗa miki gaskiya ban taɓa jin ciwo irin nashi ba. Naƙudar gida tana zuwa tana tahiya, kina samun wurin numhwashi, ki tashi ki zagaya, ki kama turmi ki duƙa. Wagga kuwa kina kwance hannu na ɗaure da tiyo, ciwo bisa ciwo. Ni faya ce ta hwashe mini tun da hantsi, har gari ya sake wayewa ba naƙuda, shi ya sa suka sa mini. Lahiya lau na haihu, ba a yi mini aiki ba, yaron ga shi nan har ya shiga lakwal. Amma in da hali ki roƙe su su ƙara miki kwana uku ko huɗu. Ki yi ta tahiya da ƙahwa da marece, ki ci dabino, ki sha miyar kuɓewa. Kuma kar ki ja da surukarki, ke ce za ki zauna da ita bayan suna.

Sajfam mai ritaya, Zariya:

Wa alaikumus salam ɗiyata, sannu da nauyi, Allah ya raba lafiya. Ni sajfam ce, na yi aiki a ƙauyukan Mayahi kafin a dawo da ni cikin garin Maradi, yanzu na aje aiki ina fama da jikoki. Bari in yi miki bayanin da abokiyar aikina ba ta samu sukunin yi ba.

Shirya bakin mahaifa daban, ruwan naƙuda daban, kuma na farkon ne a gaba. Duk tsawon ciki bakin mahaifa a rufe yake, dogo, mai tauri, don ya riƙe yaro. In haihuwa ta matso jiki da kansa yake tausasa shi, ya gajarce, ya juyo gaba, ya fara buɗewa. A makaranta an koya mana cewa wanda bai nuna ba in kin taɓa shi kamar kan hanci yake, wanda ya nuna kuwa kamar leɓe. Abin da ta sa hannu ta duba ke nan. Abu biyar muke ji da yatsa: buɗewarsa, gajartarsa, laushinsa, inda ya fuskanta, da iyakar inda kan yaro ya sauko. Kowanne da makinsa, sai a tara. Wani likitan Amurka mai suna Bishop ne ya tsara lissafin a 1964, har yau da sunansa ake kiransa, daga 0 zuwa 13. In maki ya kai 8 ana iya zarcewa da ruwan naƙuda kai tsaye. In 6 ne ko ƙasa da haka bai nuna ba, kuma bisa abin da kika kwatanta naki yana cikin wannan. Idan aka ɗaura ruwa a kan irinsa, mahaifa za ta yi ta matsawa alhali hanya na rufe, uwa ta galabaita, yaro ya galabaita, sau da yawa a ƙare a ɗakin aiki. A ganina yawancin labaran da maƙwabciyarki ta ji daga nan suka fito, daga gaggawar sa ruwa kafin lokacinsa. Sajfam ɗinki ta bi ta hanyar da ta dace.

Maganar jira kuwa. Lissafin ciki sati 40 ne, kwana 280 daga ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara. Da watan sama wata tara da rabi ke nan, shi ya sa iyayenmu ke cewa wance ta shiga na goma. Yaran da ke faɗowa daidai ranar da aka rubuta a karne kaɗan ne ƙwarai, saboda haka wuce ta da ƴan kwanaki ba komai ba ne. Amma mabiyiya, wadda ta cikinta yaro ke samun abinci da iska, tana da wa'adi. Daga sati 41 takan fara gazawa, ruwan da yaro ke ciki ya ragu, cibiya ta riƙa matsewa in mahaifa ta ɗaure, wani yaron ya yi kashi a ciki ya shaƙa. Ba zan tsorata ki da ƙarya ba: yawancin yara ko an jira lafiya suke fitowa. Sai dai haɗarin yaro ya koma a ciki yana hawa a hankali daga nan, ya ƙara tashi bayan sati 42, kuma ba mai iya duban ciki ya ce wannan zai jure wancan ba zai jure ba. Na sha karɓar matar da ta ce mini jiya ma ya yi motsi, na ɗora ƙaho na zagaye cikin duka ban ji komai ba. Tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in an tabbata ciki ya kai sati 41 a tayar da naƙuda. Binciken da aka yi a kan dubban mata ya nuna yin haka na rage mutuwar jarirai, kuma bai ƙara yawan waɗanda ake yi wa aiki ba.

Ga abin da za ki tarar ranar Litinin. Za su sake duba ki, wataƙila su yi eko, wato hoton ciki, su ga kwanciyar yaro, yawan ruwa, da inda mabiyiya take, don in yaro ya gicciye ko mabiyiya ta tare ƙofa ba a tayar da naƙuda sam, aiki ake yi. In bakin mahaifa ya karɓi yatsa, sajfam na iya zagaya yatsanta ta raba fatar faya daga jikin mahaifa. Akwai ɗan zafi da ɗan ɗigon jini, amma wasu da wannan kaɗai naƙuda ke taso musu cikin kwana biyu. In bai isa ba sai magani ko roba. Maganin da aka fi samu a wurinmu misoforostol ne, ƙwaya ce da asalinta don gyambon ciki aka yi ta, daga baya aka gane tana tausasa bakin mahaifa tana kuma motsa mahaifa. Ɗan mitsitsi ake bayarwa, a sha ko a sa ta ƙasa, a jira awanni, a saurari yaro, sannan a ga ko za a ƙara. Akwai wani mai kama da shi na matsawa, dinoforoston, amma da tsada kuma sai firji, ba kasafai muke ganinsa ba. Robar kuwa ita ce dai wadda ake sa wa maras lafiya don fitsari, mai ɗan balan-balan a baki. A zura ta ta wuce bakin mahaifa, a cika balan-balan ɗin da ruwa, yakan kai mililita 30 zuwa 60, nauyinsa ya riƙa danna bakin daga ciki. Ba magani a jikinta, shi ya sa ba ta cika tayar da ciwon da ya wuce kima ba.

Mace irinki da ta haihu uku, sau da yawa da an tausasa bakin naƙuda ke kankama da kanta, ba a kai ga ruwan ba. In an kai gare shi, okisitosin ne a ciki, wanda muke ce wa Synto. Irinsa jikinki ke yi da kansa a kowace naƙuda. Ba a sa shi sai an bar aƙalla awa 4 bayan ƙwayar ƙarshe. A zuba shi cikin ledar ƙarin ruwa, a fara da ɗigo kaɗan, duk rabin awa a ɗan ƙara, sajfam ta ɗora tafin hannunta a cikinki tana duban agogo. Abin da ake nema ciwo uku ko huɗu cikin minti 10, da hutu tsakani, don a lokacin hutun nan ne jini ke komawa wurin yaro. In ya haura biyar ya yi yawa. Zuciyar yaro kuma ta tsaya tsakanin bugu 110 da 160 a minti. Da an ga abin da ba a so sai a murɗe tiyo, cikin ƴan mintuna ƙarfinsa ya faɗi.

Ƴar uwata ta Mokoyo ba ta yi ƙarya ba, ciwonsa yakan zo da sauri, mata da yawa sun ce ya fi na gida cizo. Amma ke uwargida, waɗanda suka sa miki sun kyauta miki. Faya in ta fashe aka kwana ba naƙuda, ƙwayoyin cuta ne ke samun hanyar hawa wurin yaro.

Maman Ɗan Auta, Bagalam:

Ni robar aka sa mini, bari in ba ki labari don kar ki ji tsoro in an fito da ita. Ɗan farina da aiki aka ciro shi, a zaune ya zo. Da na samu na biyu, wata ya cika tansiyona ya fara hawa, dokta ya ce ba za a jira ba, amma tunda akwai tabon ɗinki a mahaifata ba za a ba ni ƙwaya ba ko kusa, sai roba.

Sa ta ba daɗi, wannan ƙarfen da ake buɗe mutum da shi ya fi damuna fiye da robar kanta, amma ba a daɗe ba aka gama. Ina kallo sajfam ta ɗauko babban sirinji ta ɗura ruwa ta wutsiyar robar, na ji wani nauyi ya zauna mini a mara. Ta ja ta kaɗan, ta manne sauran a cinyata da filasta, ta ce tashi ki yi yawonki. Haka na ɗaura zane a kai na fita tsakar likita, ina zagaye ƙarƙashin bedi, innata na bina da fulas ɗin kunu tana ta salati. Ba wanda zai gan ni ya san da wani abu a jikina, sai dai tafiyar ta zama ta ƙafa a ware. Mara na ɗan murɗawa irin na al'ada, ba fiye da haka ba. Fitsari ma ina yi ba matsala, don ba a mafitsara take ba.

Can cikin dare na shiga bayi, ina tsugunawa sai na ji abu sulluɓ ya faɗo, ga balan-balan cike da ruwa yana reto a cinyata. Na fito a ruɗe ina kiran madam, a zatona wani abu ne ya tsinke. Ta yi dariya ta ce ai abin da muke jira ke nan, ya gama aikinsa. Ta duba ta ce santimita 4. Da safe suka fasa faya, suka sa ruwa ɗan kaɗan, wata ɗaliba ta zauna gefen gadona ba ta matsa ba, kowane lokaci tana sauraron yaro tana tambayata ko ina jin zafi a wurin tsohon ɗinki. Kafin la'asar na haihu da kaina. Abin da ya fi ba ni wuya a duk zaman jiran ne, ki ga wadda ta zo bayanki ta haihu an sallame ta ke kina nan. Ki tafi da haƙurinki da mafici.

Maman Ƴan Uku, Ali Ɗan Sofo:

Tanti sajfam, Allah ya saka da alheri, ya jiƙan mahaifa. Wallahi sai yanzu na gane. Maman Ɗan Auta, ke ma na gode, har kin sa na yi dariya.

Tanti, ga wasu abubuwa kuma. Hajiya na cewa ƙila lissafin ne aka kuskure. Ni dai eko na farko ina da wata uku na yi shi, a takardar an rubuta sati 12. Sannan maganin zaƙin nan na kurɓa don kar ta ga na raina ta, ɗaci ne da shi, ban san ko me da me aka haɗa ba. Na uku, da maraicen nan maƙwabciyar tawa ta shigo da ƙwaya ɗaya a ƙulle cikin leda, fara ƴar ƙarama mai kusurwa shida. Ta ce wurin mai tallar magani ta saya, wai ita ce dai wadda ake ba mutane a likita, in sa a ƙarƙashin harshe in haihu a ɗakina kafin asuba, na huta da zuwa ko'ina. Ban sha ba, tana nan cikin kwalla.

Ɗan Tibiri:

Iyayena mata ku yi haƙuri namiji ya sa baki a zancenku. Matata ce ta nuna mini, na ga ba zan iya yin shiru ba.

Baiwar Allah, ki jefa wannan ƙwayar a masai yanzu. Matar yayana a ƙauyenmu, haihuwarta ta takwas, naƙuda ta ɗan ja mata, sai aka kira wani mai sayar da magani ya ba ta ƙwaya ya kuma yi mata allura a cinya, wai don ta yi sauri. Matan da ke ɗakin sun ce ciwon ya kama ta ba sassauci, tana ihu tana kama gara, mace da ba a taɓa jin muryarta a haihuwa ba. Can sai ciwon ya ɗauke ɗif. Tsofaffi har suna hamdala wai ta samu hutu. Sai gumi mai sanyi ya rufe ta, cikin ya sauya kama, idonta ya yi fari. A amalanke muka fito da ita bakin kwalta, muka samu mota zuwa Maradi. Likitoci suka ce mahaifa ce ta yage. Yaron ya riga ya koma, mahaifar kuma cire ta aka yi gaba ɗaya. Ni da ƙannena muka ba da jini. Ta rayu, alhamdu lillahi, tana nan tana riƙon ƴaƴanta, amma mun ga tashin hankali a daren nan. Mai maganin kuwa har yau yana yawonsa kasuwa-kasuwa.

Ki ce wa maigidanki in ji wani ɗan uwansa namiji, wannan ba wurin tsayawa tsakani ba ne. Ya je ya durƙusa gaban Hajiya ya roƙe ta da girmamawa, sannan ya nemo abin hawa.

Sajfam mai ritaya, Zariya:

Malam na Tibiri, Allah ya ba ku ladan haƙuri. Abin da ka kwatanta, ciwo mai tsanani ya ɗauke lokaci guda gumi ya biyo baya, shi ne ainihin alamar yagewar mahaifa, kuma mace mai haihuwa biyar zuwa sama tana cikin waɗanda suka fi shiga wannan haɗari don naman mahaifarta ya sha aiki. A yankinmu kuwa irin waɗannan matan suna da yawa a ɗakin haihuwa. Allurar okisitosin a cinya kafin yaro ya fito ba aikin mai hankali ba ne. Wurinta bayan an haihu, don tsayar da jini.

Ɗiyata, maƙwabciyarki ta faɗi rabin gaskiya, kuma rabin nan shi ne mai kisa. Kwatancen da kika yi na Cytotec ne, wato misoforostol ɗin da na ambata. Ƙwaya ɗaya maikirogiram 200 ce. Abin da ake ba mai ciki don tayar da naƙuda 25 ne, kashi ɗaya cikin takwas na wannan ƴar ƙwayar da ke cikin kwallarki. Ƙanƙantarsa ta sa ba ya gutsuruwa daidai da hannu, sai an narkar da shi a ruwa an auna da sirinji. In kin sa guda a ƙarƙashin harshe kin sha ninki takwas lokaci ɗaya, kuma shi ba tiyo gare shi da za a murɗe ba, in ya shiga ya shiga. Abin da ke ruɗa mutane shi ne suna ganin ana ba mai jego guda uku ta haɗiye bayan ta haihu, inda ba allura, don mahaifa ta ƙanƙance jini ya tsaya. To wannan 600 ke nan, ninki 24 na abin da ake ba mai yaro a ciki. A can so ake mahaifa ta damƙe tam don ba kowa a cikinta. Ki yi tunanin wannan damƙar da yaro a ciki. Ban ma shiga zancen ko ta gaske ce ko jabu ba, da irin ranar da ta sha a kan tire. Ko a hannunmu ba a ba mai ciki ita sai inda akwai ɗakin aiki da jini a kusa, shi ya sa ba a ce ki zo likitar unguwa ba aka tura ki CSME. Mai tabon aiki kuwa, irin Maman Ɗan Auta, ko a can ba a ba ta.

Lissafinki daidai yake. Eko na wata uku bai cika kuskure da fiye da sati guda ba. Wanda ke ɓata lissafi shi ne wanda aka fara yi ciki ya tsufa, wata bakwai ko takwas, wannan yana iya zamewa da sati uku. Da irinsa kika zo da shi, da ni ma na ce a bi a hankali, kar a fito da yaron da bai ƙosa ba. Hajiya na da hujja a kan wasu matan, ba a kanki ba.

Zancen zaƙi ma ba duka ne shirme ba. Akwai ciwon sukari da ke zuwa da ciki, yana sa yaro ya yi girma har kafaɗa ta maƙale, amma da gwajin jini ake gane shi, ba jiƙo ke maganinsa ba. Majinar nan mai yauƙi da ke fita gab da haihuwa, da ake cewa zaƙi ne ke zuba, ita ce ta toshe bakin mahaifa tun farkon ciki, fitarta alama ce ya fara laushi. Jiƙon kuwa ki bar shi haka. Wasu saiwoyin na matsa mahaifa da gaske, kuma ba wanda ya san awonsu. In kin je ki faɗa musu kin sha, da lokacin da kika sha na ƙarshe, ko da za su yi miki faɗa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Dabino da kuɓewa da tafiyar marece ba su da laifi, abinci ne da motsa jiki, kar dai ki jingina da su ki ƙi zuwa.

Kar ki jira Litinin in motsin yaro ya ragu ko ya sauya miki, ko faya ta fashe, balle in ruwan kore ne, ko kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska. Ko ƙarfe nawa ne ki tafi. Ki haɗa karne da duk takardun eko, zannuwa tsofaffi masu yawa, da ɗan abin da ya samu na kuɗi, don ko da yake tun zamanin shugaban ƙasa Tandja Mamadou aka ce aikin ciro yaro kyauta ne a Nijar, ba a rasa abin da za a rubuta a sayo. Maigida ya san wanda zai kira in an nemi jini. Kuma ki sa a ranki kwana ɗaya ko biyu ne, ba shiga da fita ba. In za ki ji ta tawa, Hajiya ce za ki roƙa ta zama mai zama da ke. Tsohuwar da aka ba wa wannan matsayi ba ta cika tare hanya ba, kuma in ta ga sajfam na sauraron jikanta da idonta za ta fi kowa natsuwa.

Maman Ƴan Uku, Ali Ɗan Sofo:

Ƙwaya ta tafi masai, Tanti, maigida da kansa ya jefa ta bayan na karanta masa saƙon malam na Tibiri. Tambaya ta ƙarshe don Allah: ranar Litinin in ci abinci kafin in fita, ko da azumi ake zuwa irin na masu aiki?

Sajfam mai ritaya, Zariya:

Ci abinki ɗiyata, ba azumi. Ki karya da abu mara nauyi, koko ko kunu da ɗan ƙosai, ki bar tuwo da maiƙo. Lokacin da ake jiran bakin mahaifa ya nuna ma galibi ana barin mace ta ci ta sha ta yi yawo, za ki buƙaci ƙarfin. Ki riƙe buta ko gorar ruwa kusa saboda zafin nan. In an ɗaura ruwan naƙuda kuwa sai abin da wadda ke kanki ta ce, yawanci ruwa ne da ɗan shayi.